Saƙon da ke ƙona cikin macizan kiwo

Wani saƙo ya shiga yawo a WhatsApp tsakanin Hausawa mazauna Amurka da Ingila, musamman iyayen da yara suka matsa wa lamba har suka sayo musu macijin kiwo. Shawarwari ne ga wanda zai sauya wa sarkin macizai mazauni, daga ɗan akwatin robar da ya taso a ciki zuwa babban kejin gilashi. Babu sunan wanda ya rubuta, babu sunan likita, sai umarnin a tura wa ’yan uwa. Kuma an yi ta turawa.

Macijin da ake magana a kansa ɗan Arewacin Amurka ne, masana na kiran danginsa Lampropeltis. Wanda aka fi kiwo shi ne na Kalifoniya, mai zanen baƙi da fari, wanda tsawonsa kan kai mita ɗaya ko ya ɗan ɗara, kuma idan ya samu kulawa yana iya kai shekara 20. Saƙon ya ce yana da dafi tunda yana cin macizai masu dafi. Ƙarya ce, ba shi da shi. Naɗe abincinsa yake yi ya matse, kuma wani binciken David Penning da Brad Moon na 2017 ya nuna matsarsa ta fi ta wasu macizan da suka kai shi girma. Wannan ƙaryar dai ba ta cutar da kowa, sai dai ta tsorata baƙo.

Wadda ke cutarwa tana tsakiyar saƙon. Wai tunda keji ya yi girma, sai a shimfiɗa tabarmar ɗumi ta lantarki ta cinye ƙarƙashinsa baki ɗaya, ko a saka masa dutsen lantarki a ciki, a jona kai tsaye a soket, a bar shi dare da rana. Hujjar kuwa, wai maciji ba wawa ba ne, in ya ji zafi zai matsa. Duk wanda ya fara rubuta wannan layi bai taɓa juya cikin macijin da ya ƙone ya gani ba, kuma bai dace ya ba kowa shawara ba.

Jikin maciji ba ya samar da ɗumin kansa, daga waje yake ɗauka. Kowa ya ga ƙadangare da sanyin safiya lokacin hunturu ya baje a bango yana shan rana, da ya ji ya ishe shi sai ya gangara inuwa. Abin da maciji ke bukata a keji ke nan: wurin da zai ɗumama da wurin da zai huce. Masu kiwon wannan maciji sukan riƙe gefe ɗaya a digiri 29 zuwa 31 a ma’aunin Salshiyos, ɗaya gefen kuma 21 zuwa 24. Idan ya ci ɓera sai ya kwanta a gefen ɗumi, domin cikinsa ba ya narkar da abinci da kyau a sanyi. Idan ya gama sai ya koma gefen sanyi. Wanda ya ɗumama ƙasan keji daga wannan bango zuwa wancan ya ƙwace masa zaɓin. Ina zai matsa, alhali ko’ina zafi ne?

Ko da akwai wurin matsawa ma, maciji sau da yawa ba ya tashi. Likitocin dabbobi sun daɗe suna ganin macizai da ƙadangarun kiwo da suka kwanta a kan abu mai zafi har fatar cikinsu ta dahu. Sun bambanta kan dalili. Wasu na ganin idan iskar keji ta yi sanyi, dabbar kan manne wa wuri ɗaya mai zafi tana jiran sauran jikinta ya ɗumama, cikin na ƙonewa bayan bai ko ji ɗumi ba. Wasu na danganta abin da yadda jijiyoyinta ke jin zafi. Amma kan raunin kansa babu saɓani, kuma dutsen lantarki ya yi ƙaurin suna a wannan fanni. Tabarmar ɗumi da ba a haɗa ta da na’urar daidaita zafi ba tana iya wuce digiri 40, ga gilashi a samanta, ga maciji mai son tona shimfiɗa ya kwanta a kan gilashin kai tsaye.

Abin da ya fi ba da tausayi shi ne ƙunar ba ta nuna kanta a rana ɗaya. Ɓawon ciki kan yi ja ko ruwan ƙasa, daga baya ya yi bororo, sannan ƙwayoyin cuta su shiga. Maciji ba ya kuka. Uwar da ta bi saƙon ta yi haka ne don kada dabbar ɗanta ta ji sanyin Minesota ko na Mancesta, kuma ba ta da hanyar sanin ɓarnar sai ta riga ta auku. Ba ita ce abin zargi ba.

Gyaran ba shi da wuya. Ɗumi ya tsaya a gefe ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin uku na keji. Ko tabarma ce ko ƙwan fitila daga sama, dole ta bi ta na’urar daidaita zafi mai yanke wuta da kanta, kan aunawarta kuma a ɗora shi daidai inda macijin ke kwanciya. Ƙwan fitila a sa masa raga don kada maciji ya naɗe shi. A ajiye ma’aunin zafi a kowane gefe, a kunna komai kwana biyu kafin a shigar da dabbar. Tafin hannu ba ma’auni ba ne, domin abin da mutum ya ji da ɗan ɗumi mai yiwuwa ya riga ya wuce abin da macijin ke bukata. Wanda kuwa ya ga cikin macijinsa ya sauya launi, ya cire wutar nan take, ya mayar da shi kan takarda mai tsabta, ya kai shi wurin likitan da ya san dabbobi masu jan ciki. Kada ya shafa masa man girki ko man shanu.

A wuri ɗaya saƙon ya taɓa gaskiya, inda ya ce babban keji na firgita maciji. Fili fetal ne ke firgita shi. Kejin santimita 120 a tsawo da 60 a faɗi ya dace da babba, muddin akwai maɓoya biyu masu matse jiki, ɗaya a kowane gefe, da rassa da ganye a tsakani, da kwanon ruwa. A bar macijin kamar mako guda ba ɗauka ba abinci. In ya ɓuya, ko ya kaɗa wutsiya, ko ya fesa ruwa mai wari, tsoro ne, kuma yana wucewa. Shawarar da saƙon ya bayar ta a ba shi ɓera a ranar farko don ya saba na iya ƙarewa da amai.

Batun da saƙon ya kawo na a haɗa shi da ɗan uwansa don kada kaɗaici ya dame shi kuwa, ɗayan na iya haɗiye ɗayan.

Saƙon bai ce komai kan murfi ba, alhali wannan maciji gwanin tserewa ne, yana bin kowace kafa yana turawa da hanci, kuma sabon keji na nufin sababbin ƙofofi. A tsibirin Gran Kanariya na ƙasar Sifen an fara ganin sarkin macizan Kalifoniya a daji a 1998, daga waɗanda suka kuɓuce wa masu kiwo ko aka saki. Sun hayayyafa, suna cinye ƙadangarun da babu irinsu a ko’ina sai a tsibirin, kuma har yanzu hukumomi na fama da kama su. Ƙofar keji tana bukatar makulli, duk ramin da wayar lantarki ta bi kuma a toshe shi.