Rashin iri a cikin inabi

Inabi marar iri shi ne wanda 'ya'yansa ke nuna ba tare da ƙwaya mai tauri a ciki ba. Siffa ce ta gado, kuma tana zuwa ta hanya biyu. A ta farko, 'ya'yan suna fitowa ba tare da fure ya ɗauki barbara ba, kamar inabin Korinti na ƙasar Girka mai ƙananan 'ya'ya. A ta biyu, barbarar tana yiwuwa, amma irin yana daina girma bayan 'yan makonni, ya rage ɗan ɓurɓushi mai laushi. Haka inabin Sultanina yake, wanda ake yawan busarwa a yi zabibi.

Tushen siffar Sultanina yana kan kuromosom na 18, a ƙwayar gado mai suna VviAGL11, wadda ke kula da ginin ɓawon iri. A shekarar 2018 masu bincike suka nuna cewa sauyin harafi ɗaya tak a cikinta ne ke hana ɓawon yin tauri. Sauyin mai rinjaye ne, wato kwafi ɗaya daga uwa ko uba ya isa.

Tun da ba shi da irin shuka, manoma suna yaɗa shi ta hanyar dasa reshe ko aure.