Kwamfuta Ta Shiga Aikin Biyan Diyyar Inshora

LEGAS: Babban abin da ya daɗe yana hana 'yan Nijeriya shiga inshora shi ne wahalar karɓar diyya idan asara ta auku. Mai motar da ya yi haɗari yakan yi ta kai da komo da takardu har ya gaji ya haƙura. Wannan na cikin dalilan da suka sa kuɗin inshora bai kai kashi 1 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara ba.

A da ba a san wata hanya ba sai fayil, amma yau wasu kamfanoni sun danƙa aikin ga kwamfuta. Mai mota zai aika hoton ɓarnar ta wayar salula, na'ura ta tabbatar takardarsa ba jabu ba ce, ta ƙiyasta kuɗin gyara. Ƙaramar diyya a biya ta da wuri, wadda ke da alamar zamba kuwa a miƙa ta ga jami'i.

A shekarar 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin inshorar mota ta dole daga Naira 5,000 zuwa 15,000, diyyar dukiya kuma ta koma Naira miliyan 3. Wanda ya biya ninki uku ya cancanci a sallame shi ba tare da jan rai ba.

Sai dai kwamfuta da abin da aka zuba mata take hukunci. Idan farashin kayan gyara ya tashi ba a sabunta bayanai ba, mai inshora ne zai kwana ciki. Saboda haka ya wajaba duk buƙatar da na'ura ta ƙi, ɗan Adam ya sake duba ta.