Rabon Ruwan Kogi Tsakanin Jihohi da Ƙasashe: Nazari a Kan Kogin Komadugu-Yobe

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba yadda ake rabon ruwan kogin da jihohi da ƙasashe suka yi tarayya a kansa. Mun zaɓi Komadugu-Yobe ne saboda a cikinsa matsalar ta fito ta fuska biyu, wato tsakanin jihohin Nijeriya su ya su, da kuma tsakanin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar.

2.0 Hanyar Kogin

Kogin Kano da na Challawa su ne ke haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗeja. Shi kuwa kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake gangarowa ta Jihar Bauci. Su biyun sukan bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, sa'an nan su tattaru kusa da Gashuwa su zama kogin Yobe. Daga nan ya nufi gabas, a ƙarshensa ya zama iyakar Nijeriya da Nijar, ya bi ta Diffa, ya faɗa Tafkin Cadi wajen Bosso.

3.0 Tushen Matsalar

A shekarar 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta Challawa kuma a 1992. Babu mai musun amfaninsu, domin da su birnin Kano ke shan ruwa, da su kuma ake noman rani a Kadawa da Kura. Sai dai kafin a yi su, ambaliyar damina ce abincin mutanen ƙasa-ƙasa. In ruwa ya malale fadama a shuka shinkafa, in ya janye a yi noman rani a kan laimarsa, masunta su kama kifi, makiyaya su sami ciyawa. Da aka tare ruwan sai ambaliyar ta ragu.

Akwai wata illa da ba a cika lura da ita ba, wadda a ganinmu ta fi ta farkon muni. Da can kogin Haɗeja yakan ƙafe da rani. Da aka shiga sako ruwa daga madatsun duk shekara, sai kacalla ta sami wurin zama, ta haɗu da yashi ta toshe tsohuwar hanyar kogin. Ruwan da ya kamata ya isa Gashuwa sai ya karkata ta Marma zuwa Nguru, ya cinye gonaki a can, alhali na gaba suna kukan ƙishi. Ke nan ba yawan ruwa kaɗai ake rabawa ba, har da lokacin sakinsa. Wannan ne ma ya sa jama'ar Yobe da Barno suka yi ta adawa da madatsar Kafin Zaki, domin yawancin abin da ke isa gare su daga Jama'are yake fitowa.

Ƙirƙiro jihohi ya daɗa dagula lamarin. Lokacin da aka gina Tiga, Haɗeja tana cikin Jihar Kano. Daga 1991, da aka yi Jigawa da Yobe, mai madatsa da mai fadama suka koma ƙarƙashin gwamnoni daban-daban. Bugu da ƙari, tsarin hukumomin raya kogunan da aka kafa a 1976 ya raba kogi guda gida biyu: samansa a hannun Hukumar Haɗeja-Jama'are, ƙasansa a hannun Hukumar Tafkin Cadi. Sai a 2006 gwamnonin jihohi shida, wato Kano, Jigawa, Bauci, Filato, Yobe da Barno, suka hallara a Damaturu suka amince da kafa asusun kula da kogin.

4.0 Tsakanin Nijeriya da Nijar

Dokar ƙasa da ƙasa ta tsaya a kan ƙa'idoji biyu: amfani da ruwa bisa adalci, da kauce wa yi wa maƙwabci babbar cuta. Su ne ginshiƙin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1997. Ƙasar da ke sama takan riƙe ta farko, wadda ke ƙasa ta riƙe ta biyu. (Ɗaliban fiƙihu ba za su ji wannan baƙo ba, domin sun san hukuncin cewa na sama ya shayar da gonarsa har ruwa ya kai idon sawu, sa'an nan ya sakar wa na ƙasa.)

A 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a kan Yarjejeniyar Maiduguri, wadda ta shafi koguna huɗu: Maggiya-Lamiɗo, Gada ko Gulbin Maraɗi, Tagwai-El Fadama, da ƙarshen Komadugu-Yobe. Ta tanadi rabo bisa adalci da shawartar juna kafin a fara wani aiki. Amma adalci kalma ce, ba mudu ba ce. Manomin tattasai a Diffa abin da yake son sani shi ne ranar da ruwa zai iso da tsawon watannin da zai yi, wannan kuwa ba zai samu ba sai an riƙa auna ruwan a Wudil da Gashuwa da Diffa, ana kuma musayar alƙaluman.

Ya kamata mu tuna cewa Nijeriya, wadda take sama a Komadugu, ita ce a ƙasa a kogin Kwara da na Binuwai. Duk hujjar da muka kafa wa mutanen Diffa a kan Tiga, ita za a kafa mana a kan madatsar Kandaji da Nijar ta ƙaddamar da aikinta a 2008, da ta Lagdo da Kamaru ta gama a 1982.