Ƙwarin Damina da Kamun Kifi

Birnin Njamena yana bakin kogin Shari, daidai inda kogin Lagon ya haɗu da shi. A ƙetaren ruwa akwai garin Kusiri na ƙasar Kamaru. Daga nan Shari ya miƙa har Tafkin Cadi. Kifi da yawa da ake ci a unguwar Guji da sauran unguwannin birnin daga waɗannan ruwaye yake fitowa. Akwai karfasa da tarwaɗa da kurungu da giwan ruwa da kawara.

Masunci na ƙwarai ba ruwa kaɗai yake kallo ba. Yana lura da ƙwari, domin su ne abincin kifaye da yawa. Inda ƙwari suka taru, nan kifi yake taruwa.

Daren shinge

Damina takan kankama a Njamena daga watan Yuni zuwa Satumba. Idan aka yi ruwa mai yawa a farkon damina, shinge yakan fito daga suri da magariba. Shinge gara ce mai fiffike. Yana son haske ƙwarai. Shi ya sa yara sukan ajiye kwanon ruwa a ƙarƙashin fitila, ya riƙa faɗawa ciki. A soya wani a ci, a ajiye wani saboda fatsa.

Shinge ba ya iya tashi da nisa. Da yawa yakan faɗa a kan kogi yana mutsu-mutsu. Nan da nan sai kawara ta taso ta cafke shi. A irin wannan lokaci masunci yakan soka shinge a ƙaramar ƙugiya. Ba ya ɗaura dalma a zaren, don kada ƙugiyar ta nutse. Sai ya jefa a hankali, ya bar ruwa ya tafi da ita. Kifi ya zaci shingen da ya faɗo ne, ya haɗiye.

Ƙwaron kwana ɗaya

Akwai kuma ƙwarin da a cikin ruwa ake haifarsu. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ake kira éphémère da Faransanci, wato mai gajeren kwana. Uwar takan zuba ƙwai a ruwa. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta fito. Tsutsar takan yi watanni a ƙarƙashin ruwa. Wani irin da ke Tafkin Cadi har rami tsutsarsa take yi a cikin itacen da ya nutse.

Idan lokaci ya yi, sai tsutsotsin su taso saman ruwa gaba ɗaya. Fatarsu ta tsage, ƙwari masu fiffike su fito dubbai. Ba sa cin komai, domin bakinsu ba ya aiki. Su yi barbara, su zuba ƙwai, su mutu. Wasu kwana ɗaya suke yi, wasu ƴan sa'o'i kawai. Ranar fitowarsu ranar biki ce ga kifi.

Fatsa da ƙwaron ƙarya

A ƙasashe masu sanyi kamar Faransa da Ingila da Amurka akwai wani kifi mai ɗigo-ɗigo a jiki. Da Faransanci sunansa truite. Ba ya rayuwa sai a ruwa mai sanyi da tsabta, shi ya sa babu shi a Shari. A shekarar 1905 Turawa suka kai shi kogunan duwatsun Kenya, inda ake sanyi.

Lokacin zafi na can, ƙwarin ruwa sukan fito da yawa, truite kuma ya taso cin su. Masu fatsa ba sa sa ƙwaro na gaske. Gashin kaza da zare suke ɗaurawa a ƙugiya, har ta yi kama da ƙwaro. Ƙugiyar ba ta da nauyi, saboda haka zaren fatsar ne ake yi mai nauyi. Mai fatsa ya kaɗa sandar gaba da baya, zaren ya miƙe, ƙwaron ƙarya ya sauka a ruwa ba motsi.

Kafin ya jefa, sai ya kama ƙwaro ɗaya ya duba girmansa da launinsa. Sa'an nan ya zaɓi ƙugiya mai kama da shi. Idan ya kuskure, kifin ya dubi ƙugiyar ya wuce. Dabararsa da ta mai shinge a Shari ɗaya ce: a ba kifi abin da yake ci a ranar.

Idan ƙwari suka ƙare

Wasu mutane sukan zuba maganin ƙwari a ruwa don su kwashi kifi da sauri. Wannan mugun aiki ne. Maganin yana kashe manyan kifi da ƙanana, ya kashe tsutsotsin da suke ci. Wanda ya ci kifin ma yana iya kamuwa da ciwo. Ruwan da ya rasa ƙwari yakan rasa kifi, masunci ya rasa sana'a, gida ya rasa miya.

Da damina kogi yakan cika, kuma akwai dorina a Shari. Yaro mai hankali ba ya zuwa fatsa sai tare da babba.

Tambayoyi

1. Waɗanne koguna ne suka haɗu a Njamena?
2. Me ya sa masunci ba ya ɗaura dalma idan zai yi fatsa da shinge?
3. A ina tsutsar ƙwaron kwana ɗaya take girma?
4. Don me babu truite a kogin Shari?
5. Wace ɓarna maganin ƙwari yake yi a ruwa?