Viktor Petrenko: zakaran da ya ci zinariya babu tutar ƙasarsa

Ran da Viktor Petrenko ya hau dandali domin karɓar lambar zinariya a garin Alberbil na ƙasar Faransa, cikin watan fabrairu na shekara ta 1992, tutar Olampik aka ɗaga masa, taken Olampik kuma aka kaɗa. Dalili kuwa shi ne, Tarayyar Sobiyet wadda ta rene shi ta riga ta wargaje tun watan disamba na 1991, ita kuma Yukren, ƙasarsa ta haihuwa, ba ta kai ga samun ayarin kanta ba tukuna. Sai aka tattara ƴan wasan wasu daga cikin tsofaffin jamhuriyoyin aka yi musu ayari guda na wucin gadi.

Wasan da wannan taliki ya yi fice a kansa, masu karatu, shi ne zamiya bisa ƙanƙara. Ɗan wasa yakan sa takalmi mai wuƙar ƙarfe a tafinsa, ya bi kiɗa yana sulɓi yana juyi, ya yi tsalle ya kewaya sau uku a sama kafin ya dira bisa ƙafa ɗaya. A wancan zamani alƙalai tara ke ba da maki, mafi girmansa kuwa 6 ne, kuma tuntuɓe ɗaya kan iya rushe wahalar shekaru huɗu.

An haifi Petrenko a shekara ta 1969 a Odesa, birnin tashar jiragen ruwa da ke gaɓar Bahar Aswad. Tun yana yaro ya shiga hannun Galina Zmievskaya, wadda ta yi ta horas da shi har ƙarshen gasarsa. Shi ne zakaran matasa na duniya na gasar 1984. A 1988, yana da shekara 18, ya samu lambar tagulla a wasannin Olampik na Kalgari, ƙasar Kanada, a bayan Brian Boitano da Brian Orser. Ya ci gasar Turai a 1990 da 1991, amma a gasar duniya ta waɗannan shekaru biyu Kurt Browning na Kanada ya sha gabansa, ya bar shi da azurfa. Sai a 1992 ƙofa ta buɗe: bayan zinariyar Alberbil, ya tafi Oklan ta ƙasar Amurka ya ɗauki kambin duniya.

Daga nan ya bar gasa ya shiga wasannin nuni na biyan kuɗi a Amurka. Kuɗin da ya riƙa samu can sun yi amfani a gida, domin a lokacin tattalin arzikin Yukren ya durƙushe, filayen horo sun lalace. Akwai wata yarinya marainiya, Oksana Baiul, wadda mahaifiyarta ta rasu a 1991. Zmievskaya ta ɗauke ta ta riƙe a gidanta, Petrenko kuma ya taimaka da kuɗin takalma da tufafin wasa. A 1993 yarinyar ta ci gasar duniya tana da shekara 15.

Da hukumar wasan ta duniya ta ba waɗanda suka bar gasa izinin komowa, Petrenko ya dawo domin ya yi wa ƙasarsa wasa da sunanta. Ya ci gasar Turai a Kopenhagen a farkon 1994, karo na uku ke nan. Shi ne kuma ya riƙe tutar Yukren a bikin buɗe wasannin Lilehamar, ƙasar Norwe. Amma fa duniya rawar ƴammata ce, na gaba ya koma baya. Ya tafka kurakurai a zagayen farko, ya faɗa matsayi na 9. Duk da ƙoƙarin da ya yi a zagaye na biyu, na 4 ya ƙare, zinariya ta tafi hannun Alexei Urmanov na Rasha. Ƴan kwanaki bayan haka Oksana Baiul ta ci zinariyar mata, ta farko da Yukren mai ƴancin kai ta taɓa samu a Olampik. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza: taken da ba a kaɗa wa Petrenko ba, an kaɗa wa yarinyar da ya tallafa.

Maganar tuta dai ba ta rabu da shi ba. Bayan ya daɗe yana horaswa a Amurka, cikin watan yuli na 2022, alhali sojojin Rasha na yaƙi cikin Yukren, ya fito a wani wasan nuni a birnin Soci na Rasha, wanda Tatiana Navka, matar kakakin fadar Kremlin, ta shirya. Hukumar wasan ta Yukren ta tuɓe shi daga muƙamin mataimakin shugaba, ta kuma kore shi. A kundin Olampik kuwa sunansa na nan sau uku: 1988 da tutar Sobiyet, 1992 da tutar Olampik, 1994 da tutar Yukren.