Ƙasar Dayatom: Hodar Tacewa a Ɗakin Gwaji da Haɗarinta ga Huhu

Idan kana karatun kimiyyar sinadarai a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, ko kana aiki a ɗakin gwaje-gwaje, wata rana za ka ci karo da wata farar hoda mara nauyi, mai kama da garin alli. Sunanta ƙasar dayatom, a kasuwa kuma an fi saninta da Celite.

Asalinta ɓawon wasu halittun ruwa ne, dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ɓawon nasu na silika ne, sinadarin da ke cikin yashi. Idan sun mutu sai ya kwanta a ƙasan tafki, ya taru shekaru dubbai. Akwai irin wannan ƙasa a Bularafa ta jihar Yobe. Kai, hazon hunturun da ke rufe mana gari ma, kaso mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar ta.

Kowane ɓawo cike yake da ƙananan huji. Shi ya sa idan ruwan gwaji ya yi kauri yana toshe takardar tacewa, sai a shimfiɗa hodar a kanta: ruwa ya wuce, datti ya maƙale. Tana kuma tsotse ruwa kamar soso, har Alfred Nobel ya jiƙa ta da sinadarin naitirogiliserin ya samar da nakiyar dainamait a 1867. Mu ma a asibiti muna cin moriyarta, domin ana sa ta a wani gwajin da ke auna saurin daskarewar jini lokacin tiyatar zuciya.

Matatar da aka yi da ita tana kama ƙwayayen amiba masu jawo atini, amma ƙwayoyin bairos suna ratsawa. Saboda haka ruwan kogin Wudil, ko ya fito garau bayan tacewa, sai an tafasa shi ko an sa masa kulorin.

Inda na fi so ka natsu shi ne maganar ƙura. Irin da ake tacewa da ita galibi an gasa ta da wuta mai tsanani, gashin kuma yana mayar da wani ɓangare na silikar mai kaifi. Wanda ya daɗe yana shaƙar ta, huhunsa yakan yi tabo, cutar da muke kira silikosis. Tana farawa a ɓoye, sai bayan shekaru mutum ya ga tari da haki. Tabon ba ya gogewa, kuma yana buɗe wa tarin TB ƙofa. Hukumar binciken kansa ta duniya ta sa wannan nau'in silika cikin abubuwan da ke jawo sankarar huhu tun 1997.

Don haka kada ka share ta a bushe, ka jiƙa tsumma ka goge. Ka auna ta inda iska ke fita, da takunkumin N95 a fuska, ba ƙyalle ba. Manomin da ke barbaɗa wadda ba a gasa ba a buhun wake don kashe ƙwari, shi ma ya rufe hanci.

Masu tallar ta a Facebook cewa a dama a sha don wankin ciki kuwa, babu ingantaccen binciken da ya goyi bayansu, kuma ni ba zan ba majinyacina ita ba. Idan ka yi aiki cikin ƙurarta, tari kuma ya wuce mako biyu, je asibiti a gwada majinarka a ɗauki hoton ƙirji, ka kuma faɗa wa likita irin aikin da kake yi.