Motsa Jiki Zubin Adashi Ne

Duk macen da ta taɓa shiga adashi ta san kuɗin zubi ba ragowar cefane ba ne. Da kuɗi sun shigo hannu, su ake fara warewa a ƙulle a bakin zane, sannan a ji da manja da daddawa. Da za a jira sai an gama biyan buƙatun gida a ga abin da ya rage, da babu adashin da zai kai zagaye biyu.

Haka lokacin motsa jiki yake. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke fita da hantsi, ya wuni zaune a shago, ya dawo bayan Magariba a adaidaita sahu, ba ƙarya yake yi ba in ya ce ba shi da lokaci. Haka malamar makarantar da girki da wanki ke jiranta a gida. Sai dai a cikin saura suke neman lokacin, alhali yini ba ya barin saura.

Zubin ma bai kai yadda ake tsoronsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri har numfashi ya ɗaga amma mutum yana iya magana. Wato minti 30 sau biyar a mako ya wadatar a fara. A ƙa'idojinta na 2020 ta cire sharaɗin sai an yi minti 10 a jere, ko ɗan kaɗan ne yana shiga lissafi. Ka sauka daga mota tun kafin a kai ƙofar kasuwa, ka taka zuwa masallacin Juma'a, ka hau bene da ƙafa, duk zubi ne. Duk da wannan sauƙi, a 2024 hukumar ta bayyana cewa kusan kashi 31 cikin 100 na baligan duniya ba sa cika ma'aunin.

A ganina, abin da muka rasa shi ne uwar adashi. Me ke hana mace tsallake zubi ranar da hannunta ya bushe? Ta san da la'asar yarinya za ta yi sallama a zaure, ta ce, “Wai in ji Hajiya, a ba da na yau.” Kunyar wannan aike ta fi kowace niyya ƙarfi. Wanda ya ɗauri aniya shi kaɗai, sanyin hunturu na safiya ɗaya ya isa ya mayar da shi cikin bargo. Amma in maƙwabci yana tsaye a ƙofar masallaci bayan Asuba yana cewa, “Malam, mu je mana,” tafiya ta zama dole. Mata ma ba sai sun fita ba: tsakar gida ta ishi mutum biyu zagaye ko tsallen igiya, tun da injin niƙa da famfo sun karɓe daka da jan guga da iyayenmu suka ƙarfafa jiki da su.

Inda wannan adashi ya fi wuya shi ne ba a sa ranar ɗauka. Babu damin kuɗin da za a ƙirga a kan tabarma. A hankali yake zuwa: barci ya yi daɗi, haki ya ragu, haɗarin hawan jini da ciwon suga ya ja baya. Shi ya sa da yawa ke janyewa tun a makonnin farko, suna ganin zubinsu ya tafi a banza, alhali jiki yana ajiyewa.

Mai ciwon zuciya ko wata lalura ya fara tuntuɓar likita. Kai kuwa da Allah ya ba lafiya, ka nemi abokin tafiya tun yau, ku yanke lokaci, ku fara da minti 15 gobe bayan Asuba.